Wace Tsohuwar Talabijin Ta Dace da Akwatin Gem?

Idan za ka haɗa akwatin gem irin na tsaye, ka sayi talabijin tukuna kafin kafinta ya taɓa zarto, domin a jikinta ake auna katako. Kuma in ka shiga kasuwa, bayanta za ka fara dubawa, ba sunan kamfani ba.

Injinan gidajen gem da suka ɗauki wasannin Pac-Man a 1980 da Street Fighter II a 1991 suna tura ja da kore da shuɗi ne kowanne ta wayarsa, abin da ake kira RGB. Talabijin mai doro ita ce mafi kusa da wannan, amma ramukanta sun bambanta. Mai ramin eriya kaɗai, bar ta. Mai jan rami da fari da rawaya za ta yi aiki, ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 ko 4 ma tana iya ba ta hoto kai tsaye, sai dai launi yakan zubo cikin juna, ƙananan rubutu su dushe. Wadda za ka nema ita ce mai SCART, wato faffaɗan ramin nan mai haƙora 21.

A nan sa'armu take, domin tokumbo da aka riƙa shigowa da su daga Turai yawanci da shi suka zo. Sai dai ba kowane SCART ke ɗaukar RGB ba; in biyu ne, galibi na farkon ne. Ka kuma gwada ko tana karɓar 60Hz, wato sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, don tsarin talabijin ɗinmu na PAL 50 ne, yawancin wasannin nan kuwa a kan 60 aka gina su. Duk wadda aka rubuta wa 100Hz a goshi, kada kyanta ya ruɗe ka: tana sarrafa hoto kafin ta nuna, sai ka danna maɓalli naushi ya makara, bindigar gem kuma ba ta aiki da ita.

Batun girma, ni ina bayan inci 21. Inci 14 ta kan teburi ce. Inci 29 tana da daɗin kallo, amma takan haura kilo 40, akwatinta kuma ba lallai ya shige ƙofar ɗaki ba. Sony Trinitron tana da kaifin hoto da ƙarin nauyi, Philips ko Sharp mai kumburarriyar fuska kuwa ta fi kama da na asali, kuma sau da yawa ta fi araha.

Akwai gwajin da ya kamata ka yi a gaban mai shago. Tana kunne a kan AV, ka zare filogi ka mayar. In ta dawo da kanta, madalla. In ta tsaya jiran rimot, ka tuna yadda ake ɗauke wuta a nan, ga ta kuma a kulle cikin katako. Ka nemi farin hoto ka duba kusurwoyi huɗu ko akwai tabon kore ko shunayya, ka kuma tambaya ko an taɓa sauya mata fanel, domin fanel ɗin gama-gari yakan kashe RGB ko da ramin yana nan.

Wasu suna cire murfin roba don ta zauna daram. Shawarata ka bar ta a rigarta, ka tallafe ta da katako mai kauri. Kwalbar da ke nuna hoto tana aiki da wajen bolt 25,000, kuma takan riƙe wuta bayan an zare filogi. In dole sai an cire, aikin mai gyaran talabijin ne. A bayan akwatin ka bar tagar iska da ƙaramar fanka saboda zafin bazara, ka sa raga don ƙurar hunturu, sifika kuma ka nisanta ta da fuskar, maganaɗisunta yana ɓata launi.