Zaɓen PSU na Ƙaramar Kwamfuta: SFX, SFX-L, Flex ATX ko na Waje?

Mai haɗa ƙaramar kwamfuta yakan fara da katin GPU (katin da ke sarrafa hoto) da furosesa, ya bar na'urar ba da wuta, wadda ake kira PSU, sai a ƙarshe. A babban akwati ana iya tsira da wannan sakaci, domin wuri na nan a wadace. A akwati mai lita 10 kuwa, milimita 20 kacal ta isa ta hana murfi rufuwa. Don haka kafin a yi maganar wat nawa, sai a fara da awo, domin PSU siffofi ne daban-daban, kowace da sunanta da girmanta.

Na'urar ATX da aka saba gani a manyan kwamfutoci faɗinta milimita 150 ne, tsayinta 86, zurfinta kuma daga 140 zuwa sama. SFX tana da faɗin 125, tsayin 63.5, zurfin 100. SFX-L fuskarta ɗaya da SFX, ramukan sukuru ma iri ɗaya ne, sai dai an ƙara mata zurfi ya kai 130. Flex ATX siririya ce doguwa, 81.5 da 40.5 da 150. Akwai kuma TFX, mai kimanin 85 da 65 da 175, wadda aka fi samu a siraran kwamfutocin ofis. Idan ba akwatinka ne ya tilasta maka TFX ba, babu dalilin nemanta, domin nagartattu a wannan siffar ba su da yawa.

Takardar akwatin ce za ta faɗa maka siffar da yake ɗauka. Cooler Master NR200, mai kusan lita 18, yana karɓar SFX da SFX-L. Haka ma Fractal Design Terra mai lita 10.4. Ƙananan akwatuna irin su Velka 3, da ke wajen lita 4, Flex ATX kawai suke ci. Amma kalmar "yana ɗauka" tana da sharaɗi a ɓoye, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami.

SFX da SFX-L

Abin da SFX-L ke saye da waccan milimita 30 shi ne fanka. SFX tana ɗaukar fanka mai milimita 80 ko 92, SFX-L kuma mai 120. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da gudu sosai ba, shi ya sa a ƙa'ida ta fi shiru, kuma ƙarar da take yi ba ta da kaifi a kunne. ASUS ROG Loki da SilverStone SX1000 suna cikin rukunin SFX-L.

Sai dai zurfin da ke rubuce a kwali na jikin ƙarfen ne kawai. Filogan wayoyi suna fitowa ta baya, su ci wajen milimita 15 zuwa 20 kafin wayar ma ta fara lanƙwasa. Na'ura mai 130 a takarda tana neman kusan 160 a zahiri. A akwatunan da PSU ke zaune a saman katin GPU, wayoyin sukan danne bayan katin. A wasu kuma wurin da ya kamata a sa fanka ko faifan ajiya ne ke salwanta. Wanda zai sa ladireta ta sanyaya da ruwa ya duba inda tiyo zai bi, domin sau da yawa ta wannan lungun yake wucewa.

A ganinmu, ga yawancin akwatunan da ba su kai lita 15 ba, SFX ta fi zama alheri. A da ana komawa ga SFX-L ne saboda ƙaramar ba ta kai ƙarfin da ake so ba. Yanzu wannan hujja ta yi rauni: Corsair na da SF750 da SF850 da SF1000 duk a jikin SFX, Cooler Master ma ta fitar da V SFX masu 1100 da 1300. Fanka mai 92 a na'ura mai inganci ba ta damun kunne a aikin yau da kullum. SFX-L ta dace da wanda akwatinsa ke da sarari, wanda kuma katinsa ke jan wuta mai yawa na sa'o'i a jere.

Flex ATX da na waje

Flex ATX asalinta daga ƙananan sabobi (kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) da injinan kasuwanci ta fito, inda ba wanda ya damu da ƙara. Fankarta milimita 40 ce. Irin wannan fanka dole ta yi gudu sosai kafin ta fitar da zafi, kuma sautinta siriri ne mai shiga kai. Nagartattu, kamar Enhance ENP-7660B da SilverStone FX600, suna ba da wat 600, amma idan kana son zaman lafiya da kunnenka kada kayanka su wuce wat 300 zuwa 350. Kasuwar Flex cike take da na'urorin da wasu suka buɗe suka sauya musu fanka da wayoyi, suka liƙa takardar ƙarfin da ba wanda ya gwada. Sauya fanka da wadda ta fi shiru yana rage iskar da ke ratsa ciki, kayan ciki su yi ta gasuwa a hankali.

Hanya ta ƙarshe ita ce a fitar da aikin juya wutar bango zuwa wajen akwati, da adafta irin ta laftof, a bar ɗan ƙaramin allo a ciki yana rarraba wutar. PicoPSU, ɗaya daga irin waɗannan alluna, tana maƙalewa kai tsaye a soket mai fil 24 na madabod (babban allon kwamfuta), tana karɓar bolt 12, babbarta tana kaiwa wat 160. Babu fanka, babu ƙara. Ta yi daidai da kwamfutar da ba ta da katin GPU na daban, kamar ta kallon fina-finai ko ta ƙaramin ofis. Kamfanin HDPLEX na yin masu ƙarfi fiye da haka. Abin lura guda: wasu allunan bolt 12 tak suke karɓa, wasu kuma 19, kuma bakin adaftocin na iya kama da juna. Cusa 19 inda ake jiran 12 yana iya ƙona madabod.

Wat nawa?

Lissafin ba shi da wuya. Ka ɗauki iyakar abin da katin GPU ke ja, ka ƙara iyakar na furosesa, sannan ka ƙara wat 50 zuwa 70 na madabod da RAM da SSD da fankoki. RTX 4060 na jan 115, RTX 4070 na jan 200, RTX 5070 Ti 300, RX 9070 XT 304, RTX 5080 360, RTX 4090 450, RTX 5090 kuma 575. A ɓangaren furosesa kada lambar TDP, wato adadin wat da kamfani ke rubuta wa furosesa, ta ruɗe ka. Ryzen 9 7950X an rubuta masa 170 amma yana iya kaiwa 230, Core i9-14900K kuma 253. Shi kuwa Ryzen 7 7800X3D an rubuta masa 120, amma a wasa ba ya kusantar wannan adadi, abin da ya sa masu ƙananan akwatuna ke ƙaunarsa.

Misali, kati mai 300 da furosesa mai 120 da sauran kaya 60 sun tashi 480. PSU mai 750 za ta riƙe wannan tana aiki a kusan kashi 65 cikin 100 na ƙarfinta, inda fanka ba ta haukacewa. Mai 650 ma za ta yi. Mai 1000 kuwa asarar kuɗi ce a nan, sai dai in kana shirin sauya kati ba da jimawa ba. Ga RTX 5090, Nvidia da kanta 1000 ta ba da shawara, kuma a ƙaramin akwati ba wurin da za a yi rowa ba ne.

Dalilin barin sarari shi ne katunan zamani ba sa jan wuta a natse. Sukan yi tsalle na ɗan ƙiftawar ido, su ja kusan ninki biyu na abin da aka rubuta musu. Da RTX 3080 da 3090 suka fito a 2020, na'urori da dama masu isasshen ƙarfi a takarda sun riƙa kashe kwamfuta ana tsakar wasa, domin kariyar da ke cikinsu ta ɗauki tsallen a matsayin haɗari. Alamar ita ce allo ya yi baƙi ɗif ba tare da wani saƙo ba, wani lokaci ma sai an kashe makunnin baya an sake kunnawa kafin ta tashi. Ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta magance wannan: na'ura mai sama da wat 450 da ke ɗauke da sabon filogin katin GPU mai fil 16 dole ta jure ninki biyu na ƙarfinta na tsawon maikurosakan 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan. Don haka idan katinka sabo ne mai cin wuta, nemi wadda aka rubuta wa ATX 3.0 ko 3.1.

Filogi mai fil 16

Tsohon filogin PCIe mai fil 8, wanda ke kai wuta ga katin GPU, yana ɗaukar wat 150. Sabon, 12VHPWR, yana ɗaukar har 600 ta waya guda, wanda ga mai ƙaramin akwati babban sauƙi ne, tunda waya ɗaya ta maye gurbin uku ko huɗu. Amma wat 600 a bolt 12 amfiya 50 ke nan, ana raba ta ga fil shida, kowanne ya ɗauki sama da 8, alhali iyakarsa wajen 9.5 ce. Tazarar ba ta da yawa. Idan filogin bai zauna daidai ba, ko waya ta ja shi gefe, wasu fil ɗin su saki, sauran su ɗauki nauyin, roba ta fara narkewa. Haka ya faru da wasu katunan RTX 4090 a ƙarshen 2022. Gyaran da ya biyo baya, 12V-2x6, ya gajarta ƙananan fil huɗu na sigina, ta yadda katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba sai filogi ya shige har ƙarshe.

A ƙaramin akwati haɗarin ya fi yawa domin murfin gefe yana kusa da bakin katin. Ka tura filogin sai ka ji ya yi ƙas, ka haska da tocila ka tabbatar babu ko siririn gibi tsakaninsa da soket. Ka bar wajen milimita 35 na waya a miƙe kafin ka lanƙwasa. Idan murfi sai an danna shi da ƙarfi yake rufuwa, to yana matse filogin ne, a sake tsarin wayar. Waya guda da ta zo tare da PSU ta fi adaftar nan mai rassa uku ko huɗu da ke zuwa cikin kwalin katin, wadda ke cika wuri ba gaira ba dalili.

Zafi da inganci

Tambarin 80 Plus yana nuna yawan wutar bango da ke isa ga kayan kwamfuta. A wutar bolt 115, da rabin lodi, Bronze na ba da kashi 85, Gold 90, Platinum 92. Bambancin kamar ba komai ba ne har sai an mayar da shi zafi. Idan kayanka na jan wat 500, na'ura mai kashi 85 tana zubar da kusan wat 88 a matsayin zafi, mai 90 kusan 56, mai 92 kuma kusan 43. A jikin SFX, inda kaya ke cunkushe kuma fanka ƙarama ce, wannan rabin zafin da aka rage shi ne bambancin fanka mai shiru da mai kuka. Shi ya sa Platinum ta fi biyan kuɗinta a ƙaramin akwati fiye da babba. Ƙasa da Gold kuwa ba ma ba da shawara.

Tambarin bai ce komai ba game da ingancin kayan ciki ko ƙara. Cibiyar gwajin PSU ta Cybenetics na auna ƙara ta ba da nata maki, wanda ya fi amfani ga wanda kwamfutarsa za ta zauna a kan tebur kusa da kunnensa. Ka duba ko an rubuta cewa na'urar tana ba da cikakken ƙarfinta a zafin digiri 40 ko 50, kapasitocinta kuma masu jure digiri 105 ne, domin rayuwar kapasita tana raguwa da kusan rabi duk ƙarin digiri 10. Ka duba jerin kariya: OCP da OPP (idan an ja wuta fiye da kima), OVP (idan bolt ya yi yawa), SCP (idan wayoyin wuta sun haɗu), da OTP mai kashe na'ura idan zafi ya yi yawa, wadda masu araha sukan tsallake. Garantin shekara 7 ko 10 alama ce cewa kamfanin ya yarda da kayansa.

Wajen ɗaurawa, fankar PSU ta fuskanci murfin da ke da ramukan iska domin ta sha iskar waje. Idan ta fuskanci ciki, hucin katin GPU za ta riƙa shaƙa. Na'urori da yawa suna tsayar da fanka gaba ɗaya idan lodi ya yi ƙasa, don haka ganin ba ta juyawa ba lalacewa ba ce.

Wayoyi

Ka ɗauki wadda duk wayoyinta ake iya cirewa, ka sa waɗanda kake buƙata kawai: mai fil 24, mai fil 8 na furosesa, da na katin GPU. Mai SSD irin M.2, wanda ake cusawa kai tsaye a madabod, ba ya ma buƙatar wayar SATA mai kai wuta ga faifan ajiya. Wayoyin SFX gajeru ne da gangan, mai fil 24 yakan tsaya wajen milimita 300, don haka idan za ka ɗaura SFX a babban akwati da farantin adafta, ƙila wayar furosesa ba za ta kai ba. Ka fara cusa wayoyin a jikin PSU kafin ka ɗaure ta da sukuru, domin daga baya yatsa ba zai shiga wurin ba. Mai fil 8 na furosesa da na PCIe suna kama da juna amma tsarin wutarsu ya bambanta, a karanta rubutun da ke jikin filogi.

Kada ka taɓa amfani da wayar wata PSU a jikin wata, ko da bakin ya shiga daidai. Ɓangaren da ke shiga madabod da kati yana da ƙa'ida guda, amma ɓangaren da ke shiga PSU kowane kamfani da nasa tsarin, wani lokaci ma ya bambanta tsakanin na'urorin kamfani ɗaya. Tsohuwar SF750 ta Corsair wayoyin da kamfanin ke kira Type 4 take amfani da su, sabbin SF na 2024 kuma Type 5. Inda wata ke tura bolt 5, wata 12 take turawa, kuma faifan ajiya ne yakan fara ƙonewa tare da duk abin da ke cikinsa. Idan za ka sayi gajerun wayoyi na musamman, ka ba mai yin su cikakken sunan samfurin PSU ɗinka da shekarar fitowarta, ka auna tsawon da zare a cikin akwatin bayan ka ɗaura komai, sannan ka ƙara milimita 20 zuwa 30 saboda lanƙwasa.