Kayan Darasin Kimiyyar Ƙasa ga Ɗan Ƙaramar Sakandare: Abin da Za a Fara Saya da Abin da Zai Iya Jira

Duk lokacin da aka shiga sabuwar shekarar karatu, makaranta kan miƙa wa iyaye dogon jerin kayan da take so a saya, kuma kaɗan ne daga cikinmu suke da ƙarfin sayensu a tashi ɗaya. Bayanin nan ya taƙaita ne ga darussan ƙaramar sakandare da suke magana a kan duniyar da muke takawa: duwatsu da ire-iren ƙasa, ma'adinai, juyawar duniya da kewayarta ga rana, husufi, damina da rani, zaizayar ƙasa, ambaliya da kwararowar hamada. A Najeriya ba a ware su a matsayin fanni mai zaman kansa a wannan mataki. Suna cikin darasin kimiyya na aji ɗaya zuwa aji uku, wasu kuma suna ɓullowa ta darasin noma. A Nijar suna cikin darasin kimiyyar rayuwa da ta ƙasa da ake koyarwa a kwaleji, wato ƙaramar sakandaren can. Ma'aunin da zan auna kowane kaya da shi guda ɗaya ne: shin yaro zai ɗauke shi da hannunsa ya yi aiki da shi a daren da aka ba shi jinga, ko kuwa zai zauna a saman kabad yana tara ƙura?

Littafin karatu shi ne farko, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Hukumar NERDC ce take tsara manhajar makarantun Najeriya. Gyaran da ta yi a 2012, wanda aka fara aiki da shi a 2014, ya haɗe kimiyya da fasaha da ilmin kwamfuta da motsa jiki ƙarƙashin suna ɗaya, sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake sanar da wata sabuwar manhaja. Sakamakon haka, a kasuwa ɗaya za ka tarar da littattafai masu kama da juna a bango alhali an rubuta su ne a kan manhajoji dabam-dabam. Kafin a fitar da ko sisi, a sa yaro ya karɓo daga malaminsa sunan littafin da bugun da ake karantarwa da shi, domin jinga da lambar shafi ake ba da ita, kuma yaron da ke riƙe da wani bugu daban zai kwana yana neman tambayar da babu ita a nasa.

Bayan an san littafin, zaɓi uku ne a gaban mai saye: sabo na asali, tsoho na asali da wani ya gama da shi, ko sabo na jabu wanda masu satar bugu suke sayarwa da araha. A wasu darussan na jabu yakan yi maneji, amma a wannan darasi ban ba da shawarar a saye shi ba ko da rabin kuɗi ne. Rabin ilmin yana cikin zane ne. Hoton da ke nuna ɓawon duniya da abin da ke ƙarƙashinsa har zuwa cibiyarta, ko wanda ke nuna yadda wata yake shiga tsakanin rana da duniya, idan launinsa ya dushe kuma ƙananan rubutun da ke jikin kibiyoyi suka caɓe, babu abin da ya rage wa yaro sai hadda. Tsohon littafi na asali ya fi shi nesa ba kusa ba, matuƙar shafukansa sun cika. Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a tsaye a gaban mai shago: a buɗe babin rana da duniyoyin da ke kewaye da ita a ƙirga su. Tun 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Pluto daga jerin, suka koma takwas, saboda haka littafin da har yanzu yake cewa tara ne, ko dai ya tsufa ƙwarai ko kuma an sake buga shi ba tare da an gyara ba. A kuma duba ƙarshen kowane babi. Littafin da tambayoyinsa duka na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne bai kai wanda yake cewa yaro ya zana, ya auna, ko ya bayyana dalili ba.

Littafin aiki, wanda ake cike gurabe a cikinsa, amfaninsa yana ƙarewa da shekara ɗaya kuma ƙane ba ya gadonsa. Idan makaranta ta wajabta shi saboda a ciki malami yake ba da maki, babu makawa sai an saya. Idan kuwa zaɓi ne, littafin rubutu mai kauri da aka keɓe wa wannan darasi kaɗai, tare da rula da fensiri masu launi, ya fi shi amfani, domin yaron da ya zana zagayen ruwa da hannunsa, daga tururi zuwa gajimare zuwa ruwan sama zuwa rijiya, ba ya saurin mantawa. Littafin tambayoyin shekarun baya na BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuwa a bar shi sai an shiga aji uku; ɗan aji ɗaya da aka ɗora masa shi yakan koyi haddace amsa kafin ya fahimci tambaya.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce tsakanin littafin taswira da ƙwallon duniya, wato ƙwallon da aka zana taswirar duniya a jikinsa, wanne za a ɗauka. Ƙwallon duniya yana da kwarjini, kuma akwai abu ɗaya da babu kayan da ya kai shi nunawa: karkatar duniya da kimanin digiri 23.5, wadda ita ce sanadin sauyin tsawon dare da rana a cikin shekara. Sai dai wannan darasi ne na mako ɗaya ko biyu, kuma lemo da aka soke da tsinke, aka haska shi da tocila a ɗaki mai duhu, yana nuna dare da rana da husufi daidai gwargwado. Littafin taswira kuwa ana buɗe shi tun daga aji ɗaya har babbar sakandare. A cikinsa ne yaro zai ga inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu a Lakwaja, ya ga yadda ruwan sama yake raguwa daga bakin teku zuwa Sakkwato da Maraɗi da Agadas, ya ga tsaunukan Jos da na Biu da kwarin tafkin Chadi. Ra'ayina shi ne gida ya sayi littafin taswira, ƙwallon duniya kuma ya zama kayan aji wanda ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya saya guda ɗaya kowa ya amfana. Wajen zaɓen littafin taswira a tabbatar an yi shi ne domin makarantun Afirka ta Yamma, da shafuka na musamman a kan yanayin ƙasa da ruwan sama da ma'adinan ƙasarmu, sannan a nemi Sudan ta Kudu, wadda ta sami 'yanci a 2011. Idan babu ita, bugun ya tsufa. Babbar taswirar bango tana da kyau a falo, amma ba ta da fihirisar sunaye, ba a kuma shiga da ita jaka.

A kan samfurin duwatsu zan ɗan daɗe, domin a nan ne nake ganin ana sayen abin da Allah ya riga ya ba mu kyauta. Ana shigo da ƙananan akwatuna masu ɗauke da gutsattsarin duwatsu da lamba a jikin kowanne, kuma ga ɗakin gwaje-gwajen makaranta suna da amfani, tunda suna kawo nau'o'in da ba a samu a kusa. Ga jingar yau da kullum kuwa, tarin da yaro ya haɗa da kansa ya fi. Littafi zai ce masa duwatsu iri uku ne: wanda ya daskare daga narkakken dutse, wanda ya taru daga kwantaccen yashi da laka da ɓawon halittu, da wanda zafi da matsi suka rikiɗar. Tsakuwar da ake zubawa a kankare a wuraren gini mafi yawanta giranit ce, irin dutsen Kufena na Zariya, kuma tana wakiltar nau'i na farko. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato da kuma Ashaka a jihar Gombe ana yin siminti da shi yana cikin nau'i na biyu, kuma idan aka ɗiga masa ruwan lemon tsami yakan yi ƙananan kumfa. Gutsuren mabul daga wurin masu shimfiɗa daɓe ya cike na uku. Ga marmara ja da ake gani a gefen titi, ga kanwa a kicin, ga yumɓun masu tukwane. Kwalin ƙwai da ƴan takardun da za a rubuta inda aka tsinci kowanne da ranar da aka tsince shi sun wadatar. Gargaɗi ɗaya ne a nan, kuma mai nauyi ne: kada a bar yaro ya ɗebo dutse ko ƙasa daga ramukan haƙar zinariya ko wurin da ake niƙa su, domin gubar dalma da ta fito daga irin wannan aiki ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Kuɗin da aka ajiye daga akwatin duwatsu ya fi dacewa da ƙananan kayan aiki guda biyu ko uku. Gilashin hannu mai ƙara girman abu shi ne kan gaba, domin da shi yaro zai ga cewa giranit ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne masu launi daban-daban da suka sarƙe, ya kuma bambanta ƙwayar yashi da ta turɓaya. Na gilashi ya fi na roba daɗewa, tunda robar tana saurin karcewa. A kuma ja masa kunne kada ya kalli rana ta cikinsa. Ƙaramin maganaɗisu yana fitar da baƙin ɓurɓushin ƙarfe daga yashin rafi. Ma'aunin zafi na bango yana ba da jinga ta mako guda, a rubuta lamba da asuba da azahar, musamman a hunturu lokacin da tazarar take da faɗi. Ma'aunin ruwan sama ba sai an saya ba: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a ajiye shi a fili nesa da indararo, a auna zurfin ruwan da rula a milimita kowace safiya. Haka ma gwajin ƙasa, kwalba ce kawai da ruwa. A girgiza a ajiye, yashi ya fara kwantawa, yumɓu ya zo ƙarshe bayan sa'o'i.

Waya da data suna da gurbinsu, amma ba su maye gurbin littafi. Manhajar Google Earth tana nuna wa yaro garinsu daga sama, bidiyo kuma yana nuna aman wutar dutse da girgizar ƙasa, abubuwan da ba zai gani a tsakar gida ba. Akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, wanda darussansa kyauta ne kuma sun bi manhajar ƙasa. Matsalar mafi yawan bidiyon ƙetare ita ce an yi su ne domin yaran Turai da Amurka, suna bayanin yanayi huɗu da dusar ƙanƙara, alhali abin da za a tambayi ɗanmu shi ne busasshiyar iskar arewa maso gabas mai kawo hunturu da iskar kudu maso yamma mai ɗauko ruwa daga teku. Ba na ganin hujjar saya wa ɗan shekara goma sha biyu waya tasa saboda wannan darasi; aron ta uwa ko uba na rabin sa'a, suna zaune kusa, ya isa.

Malamin darasin gida shi ne mafi tsada a cikin jerin, tunda kowane wata ake biya. Yana da amfani idan abin da ya tare yaro shi ne Turanci ko Faransancin littafin, domin sau da yawa yaro ya san zaizayar ƙasa da idonsa, ya ga kwazazzabon da ya cinye gonar bayan gari, kalmar kawai ce ba ta haɗu da abin ba. Wanda za a ɗauka a zauna a ga darasinsa na farko: idan yana fassara ma'anar da Hausa, yana sa yaro ya maimaita da harshen jarrabawa, yana kuma barinsa ya yi jingar da kansa, a riƙe shi. Idan shi yake rubuta amsoshi yaro yana kwafa, makin jinga zai hau, na jarrabawa ya sauka.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, jerin sayayyar da nake ba da shawara shi ne littafin karatu na asali da littafin rubutu a makon farko, littafin taswira a cikin zangon farko, gilashin ƙara girma idan hali ya samu. Sauran a ɗaure su da jadawalin darussan zango, wanda kowane malami yake da shi kuma ba ya hana iyaye gani. Idan darasin yanayi ya faɗo a zango na uku, wanda yake farawa wajen ƙarshen Afrilu, gwangwanin auna ruwa zai sami aiki da saukar damina, kuma a daidai wannan lokaci ne rana take tsayawa tsaka a saman Kano da garuruwan da ke layi ɗaya da ita, har sandar da aka kafa a tsakar gida ta kusan rasa inuwa da tsakar rana. Tana sake yin haka a cikin Agusta, lokacin dogon hutu, sai yaro ya auna inuwar ya rubuta a littafinsa ya kai wa malami idan an koma.