Hattara da masu tallan "horon noma a ƙasar waje"

Jama'a, a yi hattara. Wasu 'yan damfara sun sako matasan manoma a gaba, musamman masu sha'awar noman da ba ya gajiyar da ƙasa, irin su haɗa takin gargajiya, ban ruwa na ɗigo da noma tsakanin itatuwa. Talla suke bazawa a Facebook da WhatsApp, da hoton wani saurayi cikin rumfar leda yana murmushi a tsakiyar shuka. A ƙasa an rubuta: horon shekara ɗaya a Amurka ko Holan ko Japan, masauki kyauta, alawus duk wata, gurbi kaɗan ya rage.

Ƙanena ya faɗa hannunsu, shi ya sa nake magana. Sai da ya biya kuɗin fom, ya tura musu hoton fasfonsa, sannan ya zo yana ce mini, "Yaya, an ɗauke ni!" Na karɓi wayar. Sun saka shi a wani zaure da ba mai iya rubutu sai shugabannin zauren, sai kuma muryoyin wasu da aka ce tsofaffin ɗalibai ne suna ta zuba godiya. Takardar ɗaukar kuwa tambarinta ya dusashe kamar an kwafo shi sau goma, adireshin imel na Gmail ne, asusun bankin da za a tura kuɗi kuma da sunan mutum ɗaya yake. Yanzu ana neman kuɗin gwajin lafiya, bayansa "kuɗin riƙe gurbi" kafin kwana biyu. Na ce ya tambaye su sunan gonar da garin da take. Amsar da ta dawo: sai an kammala biya.

Abin da ke sa ƙaryar shiga shi ne shirye-shiryen gaske suna nan. Musanyar matasan manoma ta IFYE ta faro a Amurka tun 1948, Jami'ar Minnesota ma ta daɗe tana karɓar masu koyon noma daga ƙasashe daban-daban. Sunayen irin waɗannan ɓarayin ke ara. Har WWOOF suke ambata, ƙungiyar da aka kafa a Ingila a 1971, alhali ita haɗa ɗan sa-kai da mai gona kawai take yi: ba ta ba da biza, ba ta biyan albashi.

Na Amurka dai hanyarsa a fili take. Bizar J-1 ake bayarwa, kuma ba a samunta sai da takardar DS-2019, wadda ba mai fitar da ita sai ƙungiyar da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta amince da ita. Jerin sunayensu na nan a shafin ma'aikatar, kowa na iya dubawa. Akwai kuma DS-7002, inda ake rubuta sunan gonar, wanda zai kula da kai da abin da za ka koya mataki-mataki. Sharaɗin mai neman horo shi ne shaidar karatu a fannin da aikin shekara ɗaya, ko kuma shekara biyar yana sana'ar. Kuɗin SEVIS, wato rajistar masu irin wannan biza, kai tsaye ake biyan gwamnatin Amurka. To wanda bai tambaye ka ko ka taɓa riƙe fartanya ba amma ya ce an ɗauke ka, me ya ɗauka in ba kuɗinka ba?

Kada a ce na ce duk mai neman kuɗi ɓarawo ne. Ƙungiyoyin gaske ma suna cajin kuɗin shiri da inshora. Sai dai sukan tantance ka tukuna, su rubuto maka abin da kowane kuɗi zai yi, a biya cikin asusun ƙungiya, kuma ba sa yi maka alkawarin biza, domin wannan hukuncin jami'in ofishin jakadanci ne.

Wanda aka cinye wa kuɗi ya tsaya a gida ma da sauƙi. Akwai waɗanda ake fitar da su da bizar yawon buɗe ido, dillali ya karɓe fasfo "don ajiya", a ɗora musu bashin tafiya, horo ya koma aikin ƙarfi daga safe har dare. Ko shirin Japan na 1993 na koya wa 'yan ƙasashen waje sana'a, da yake na gwamnati, ya sha suka kan bashin dillalai, har majalisar ƙasar ta amince a 2024 a maye gurbinsa.

Idan ka riga ka biya, kada ka ƙara ko da sun ce za a mayar maka. Ɗauki hoton hirarku da shaidar tura kuɗin, ka sanar da bankinka nan take, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma ka faɗa musu idan hoton fasfonka na hannunsu.

Ƙanena dai da ya matsa da tambayar sunan gona, cire shi suka yi daga zauren. Jiya ya nuna mini tallar ta sake fitowa da sabon suna, wannan karon wai Kanada, amma saurayin nan na rumfar leda yana nan da murmushinsa.