Ajin dirama na matan da ba su da wurin kwana, abin da na gani

Wata bakwai na yi a hostal a nan Landan bayan aurena ya mutu, kayana duka a jaka biyu, kullum kina ofishin gidaje na kansil, wato ƙaramar hukuma, kina cike fom kina maimaita labarinki ga wanda ko ɗago kai ba zai yi ba. Wata ma'aikaciya a cibiyar mata da nake zuwa wanka da shan shayi ce ta matsa min in shiga ajin wasan kwaikwayo na ranar Laraba, kyauta ne. Na ce mata baiwar Allah ni da nake neman ɗaki ina ni ina dirama.

Na dai je. Babu takarda babu hadda, a take ake ƙirƙirar komai, dokar ɗaya ce, duk abin da abokiyar wasanki ta jefo ki cafe ki ƙara naki a kai. Sai ya tuna min da tashen da muke yi muna yara da azumi. Wallahi ranar na yi dariya har da hawaye, rabona da irinta tun kafin in bar gidan mijina.

Wanda ya fi shiga raina shi ne inda ake kwaikwayon abin da ya taɓa faruwa da ɗayanmu, misali mai gida yana korar mace da dare, sai duk wadda ta ga dama ta ce a tsaya, ta tashi ta karɓi matsayin matar ta gwada nata salon. Malamar ta ce dabarar Augusto Boal ce, mutumin Brazil, kuma ƙungiyar Cardboard Citizens tun 1991 take yin irinsa da marasa muhalli a garin nan. Sau uku na tashi kafin bakina ya daina rawa, kuma da wannan muryar na yi magana ranar da na koma ofishin gidaje.

Inda masu shirya ajin suka gaza, babu mai riƙe yara, wata 'yar Sudan haka ta daina zuwa saboda goyonta, abin ya dame ni sosai. Sannan sati goma kawai kuɗin ya ƙare aka rufe, daidai lokacin da muka fara sakin jiki da juna. Amma mata ne zalla, ba mai taɓa miki hijabi, ba a tilasta ki faɗin sirrinki, 'yar uwa in an sake buɗewa ki je ko zama ne ki yi a gefe ranar farko.