Dillalin da ya tantance mana takobin Japan na kakanmu

Ga masu tambaya a kan takobin kakanmu da muka aika Japan a tantance shi, aiki ya kammala kuma ya dawo gida. Kakanmu yana cikin sojojin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da Turawa suka kai yaƙin Bama, shi ya dawo da shi bayan 1945, tun lokacin yana ƙasan adaka a naɗe cikin tsumma. Wani dillali a Tokyo muka ba aikin, ta hannun ɗan'uwanmu da ke Ingila, kuma gaskiya mutumin nan ya burge ni tun kafin ya karɓi ko sisi.

Saƙonsa na farko ma gargaɗi ne, wai don Allah kar kowa ya goge komai. Ya ce mu ture ɗan ƙusar gora da ke riƙe da mariƙin, mu zare, mu ɗauki hoton gindin ƙarfen da suke kira nakago. Wurin ya yi baƙi ƙirin da tsatsa, Baba ƙarami har ya ɗauko sanfefa zai gyara, Allah ya taimaka aka riƙe hannunsa, ashe wannan baƙar tsatsar da sawun magagarin maƙeri su ake dubawa a gane shekarun takobi, in ka kankare ka zubar da rabin darajarsa. Ya kuma faɗa mana kai tsaye cewa da yawa cikin takubban sojan Japan na lokacin yaƙi ƙirar masana'anta ne, irinsu ba a yi musu rajista a Japan, kenan in namu irinsu ne asarar kuɗin aikawa kawai za mu yi. Da ya ga hotuna sai ya ce kube da mariƙi na soja ne amma ƙarfen tsoho ne, dama wasu hafsoshi kan sa takobin gado cikin kayan soja.

Shi ya tsaya aka yi rajista, ya kai wa mai wasawa, sannan ya miƙa wa NBTHK, ƙungiyar adana takubba da aka kafa a 1948, su ke da gidan tarihin takobi a unguwar Sumida ta Tokyo. Takardun shaidarsu hawa huɗu ne, daga ƙasa zuwa sama: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo da Tokubetsu Juyo. Namu Hozon ya samu, babu sa hannun maƙeri amma sun danganta shi da maƙeran garin Seki na ƙarshen zamanin Muromachi, wato wajen ƙarni na 16. Ƴan gida sun ɗan yi sanyi don an sa rai da sunan wani shahararre, shi kuwa ya ce gara haka, sa hannun bogi ya yi yawa a harkar, kuma mai na bogi ba ya samun takarda sam.

Wasawar nan kuwa, hmm. Mu da muka san takobi ruwan toka-toka ne, sai ga wani farin layi yana tafiya kamar igiyar ruwa a bakin kaifin, hamon kenan, sai ka karkata shi a hasken fitila kake ganinsa sosai. Kar wanda ya kai wa mai wasa wuƙa a kasuwa, masu wannan sana'ar kusan shekara goma suke koyo.

Inda ban ji daɗi ba: jira. An haura shekara, kuma sai ka tura saƙo a yi shiru sai ka sake tuntuɓa. Kuɗi ma ba wasa, wasawa kaɗai ana lissafin dala 100 zuwa sama a kowane inci, ga sabon kuben katako zalla wato shirasaya, ga inshora, ga izinin fitarwa daga hukumar al'adun Japan wanda bai ambata ba sai can ƙarshe.

Bayanin adanawa da ya rubuto na yanayinsu ne, bai san hunturunmu da ke tsaga katako ba balle laimar damina. Mu dai muna goge tsohon mai da kyalle mai laushi, a shafa ɗan man takobi na Japan wato choji kaɗan, in babu man keken ɗinki yana yi, ba a taɓa ƙarfen da hannu, a ajiye shi a kwance kaifi sama. Mai irin wannan gadon ya fara da tura hotuna, wannan matakin kyauta ya yi mana.