Alpha Jet ko Super Tucano: wanne ya fi dacewa da yaƙin daji?

A sansanin sojin sama na Kainji, jiragen yaƙi iri biyu ke kwana wuri ɗaya, amma halinsu ba ɗaya ba ne.

Alpha Jet tsohon hannu ne. Faransa da Jamus suka ƙera shi, Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980, kuma shi ya yi wa dakarun ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, aiki a Laberiya da Saliyo. Inji biyu gare shi, gudunsa ya kusa kilomita 1,000 a awa, don haka yakan isa wurin da aka kira shi da wuri. Sai dai shan mai ba ya barinsa ya daɗe a sama. A Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo ɗaya a Zamfara, matuƙin ya yi tsalle da lema, Allah ya kuɓutar da shi.

A watan ne Super Tucano ya fara sauka Kano, cikin 12 da aka saya daga Amurka. Farfela ɗaya ce a hancinsa, gudunsa bai kai kilomita 600 ba. Amma yana shawagi na awanni, kyamararsa na gani cikin dare, ya bambance maharan da ke kan babura da mutanen ƙauye. Wannan haƙurin ya sa ni na fi karkata gare shi.