Lensin 50mm na Canon a ƙwallon dare, ra'ayina

Jama'a masu tambaya ta kan Canon EF 50mm f/1.8 STM, wato lens (gilashin da ake ɗaura wa kyamara) wanda ya fito a 2015, gaskiya kuɗinsa halal ne. Ni da shi nake ɗaukar ƙwallon da samarinmu ke bugawa bayan tarawihi nan Jidda, fitilun filin ba wani ƙarfi gare su ba amma in na buɗe shi f/1.8 (iyakar faɗin ƙofar shigar haskensa), shota 1/500 (saurin ɗauka, kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa), ISO 3200 (ƙarfin jin hasken kyamara), hoto na fita tsaf har zufar goshin ɗan wasa kana gani.

Sai dai fa otofokas, wato yadda kyamara ke saita kaifin hoto (fokas) da kanta, haske yake nema, inda duhu ya yi yawa sai ya riƙa kai da komowa yana lalube, kafin ya kama an riga an ci ƙwallo. Shi ya sa wajen raga nake mayar da shi na hannu, in saita fokas kan mai tsaron gida tun kafin a kawo hari, in jira. Amma bin mai gudu da fokas na hannu a f/1.8 wallahi wahala ce, taku ɗaya ya yi gaba fuskar ta dushe. A tsakiyar fili dai ku bar shi a oto.